Sallama Daga Hawa Na Huɗu

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Ɗiyata Khaula ta zo da hantsi, alhali ba ranar zuwanta ba ce. Ta gaida uwarta, ta shigo zaure ta zauna nesa da ni kamar wadda ta fasa kwalbar turare. Wai ta ga gida, tana so in je in duba kafin ta biya. Na ce alhamdu lillahi, a ina? Kan hanyar Wamakko. Na ce filin ƙafa nawa ne? Ta yi kamar ba ta ji ba. Na maimaita.

"Baba, ba shi da hili. Bisa yake."

Na ɗauka kunnena ne. Ashe bene ne hawa huɗu, gida takwas a ciki, kowanne da mai shi. Nata shi ne na can ƙololuwa. Miliyan talatin da takwas. Kuɗin filinta da ta sayar ke nan, da duk abin da ta tara shekara goma sha huɗu tana aikin jinya. Tun rasuwar mijinta ita da ɗiyanta mata biyu suna haya a Unguwar Rogo, yanzu mai gidan ya ba ta zuwa ƙarshen Mayu, ɗansa zai yi aure.

Shekara talatin da uku na yi ina magatakarda a kotu. Cinikin gidan da na rubuta da hannuna bai ƙirguwa. Gabas ya yi iyaka da wane, yamma da wane, kudu hanya, arewa masallaci. Wanga kuwa ƙaƙa za a rubuta shi? Ƙasa Alhaji wane, sama Allah?

Ta ce in ban yarda ba ba ta saye. Wannan ne ya fi tsorata ni.

Talata, 8 ga Afrilu

Na ce ma matata Sadiyatu ɗiyarta za ta sayi iska. Ta ce, "Malam, tafi ka gani tukuna, ka bar yanke hukunci bisa tabarma." Shekara arba'in da tara da aure, har yau ba ta bari in ji daɗin magana.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rasa ta inda zan fara.

Bari in bi a hankali. Dillalin sunansa Badaru, saurayi ne mai takalmi mai tsini da waya biyu. Babu na'urar hawa, da ƙafa ake zuwa. Na huta a hawa na biyu, na huta a na uku, Badaru na gabana yana, "Saura kaɗan, ranka shi daɗe, motsa jini ne, likitoci na so." Khaula na bayana ta riƙe min sanda.

Gidan dai, gaskiya, ya yi kyau. Ɗaki uku, falo, kicin, kowane ɗaki da makewayinsa a ciki. Tayil har yana ɗaukar ido. Amma zafi! Ƙarfe sha ɗaya na safe, na miƙa sandata na taɓa silin, na dawo da ita na shafa kanta, da ɗumi. Rana kai tsaye take bugun rufin, babu kowa tsakaninka da ita. Na tambayi ruwa. Rijiyar burtsatse a ƙasa, inji ya tura tanki a sama. In inji ya lalace fa? Masu gidaje takwas su haɗa kuɗi. In rufi ya yi yoyo? Su takwas ɗin dai. Na ce amma a kan wa zai zuba? Badaru ya yi dariya ya amsa waya.

Sai ya ce, "Baba Alhaji, duk wanga wasa ne, zo ka ga abin da ake saye." Ya buɗe ƙofar baranda ta kudu.

Iska ta buge ni. Ban taɓa sanin akwai irin wannan iska a Sakkwato cikin bazara ba. Ga garin shimfiɗe, ga hasumiyoyi, ga kan itatuwan dogon yaro kamar an zuba ganye a faranti. Shirwa ta wuce ƙasa da ni. Shekara saba'in da huɗu, yau na fara ganin bayan shirwa.

Sai na sunkuyar da kai.

Tsakar gidan mutane ce. Tsirara, kamar an buɗe kwano. Ga murhu, ga randa, ga igiyar shanya, ga makewayi babu rufi. Ga wata tsohuwa da ɗaurin ƙirji, kanta ba kallabi, tana baza kuɓewa a tabarma.

Ni kuwa me na yi? Abin da aka koya min tun ina ɗan shekara bakwai: namiji bai faɗa ma gidan mutane sai ya sanar da kansa. Na yi gyaran murya, na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum!"

Daga hawa na huɗu.

Ta dubi ƙofar gida. Babu kowa. Ta dubi katanga. Sannan ta ɗaga kai ta gan ni, da rawanina da gemuna, tsaye a sararin samaniya. Ta rarumi tabarmar ta rufa a kai, kuɓewa ta watse, ta juya za ta gudu ɗaki, ƙafarta ta harɗe da turmi. Na ji faɗuwarta har inda nake.

Ban san yadda na sauko ba. Badaru na cewa ba komai, ba komai, haka mutanen nan suke.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ban fahimci ko kalma ɗaya a huɗuba ba. Ƙarar faɗuwar nan kawai.

Asabar, 12 ga Afrilu

Khaula ta bugo. Na ce mata ban yarda ba. Ta ce don me? Na ce gidan da ba a iya tsayawa a barandarsa sai an ci haƙƙin maƙwabci ba gida ba ne. Sai ta ce:

"To Baba. Ni ma dai mace ce, ina biɗar inda zan rufa ma ɗiyana asiri."

Ta yi sallama cikin ladabi. Da ta yi tsiwa da ya fi min sauƙi.

Na tuna wata shari'a, shekarar da aka haifi yayanta Saifullah. Wani attajiri ya ɗora soro ya buɗe taga tana kallon tsakar gidan wani mai sayar da gawayi. Alƙali ya sa aka ɗora gado a ɗakin, dogon mutum ya hau ya tsaya, aka tambaye shi me yake gani. Ya ce yana ganin turmi. Nan take aka yi hukunci a toshe tagar da laka. Ni na rubuta. Taga ce fa kamar faifai. Yau ga baranda mai ɗaukar mutum goma, kuma ita ce ake tallar ta.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na tafi neman gafara. Na sayi goro da sabulu, na hau keke napep. Da ƙyar na gane gidan, don daga ƙasa ba abin da ya yi kama da abin da na gani daga sama. Wani kafinta da ke da rumfa a bakin lungun ya nuna min. Yakubu sunansa, mutumin kudancin Kaduna, shekara ashirin da shida a unguwar, katangarsa ɗaya da tsohuwar. Ya dube ni da kyau ya ce, "Baba Malam, kai ne mai sallama daga sama?" Ashe duk lungun an sani.

Sunanta Inna Iyatu, matar wani malami ce da ya rasu. Wuyan hannunta ya goce, matar Yakubu, Tabita, ita ta kai ta aka ɗaure. Na zauna a zaure, ita tana bayan labule. Na ce baiwar Allah, na zo ki yafe min.

Ta ce, "Na yahe. Amma Malam, wallahi na ɗauka mala'ikan mutuwa ne. Na ce ashe da rawani yake zuwa."

Yakubu ya fashe da dariya har ya dafa bango. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage.

Abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Hawa ukun da ke ƙasa, ta wannan gefe ƙananan tagogin makewayi ne kawai gare su. Na sama kaɗai ke da baranda. Tun da aka fara ginin, shekara biyu, magina na bisa suna waƙa, Inna Iyatu ba ta fita tsakar gidanta da rana. Wanka sai kafin alfijir. Girki a ƙofar ɗaki. Yakubu ya taɓa ɗaura mata buhuna a sama, iskar damina ta kwashe. Shi ma ya rufe nasa makewayin da kwano saboda ɗiyansa mata. Sun je wajen mai ginin sau uku, ya ce yana da takardar izini. Sai da magina suka tafi, gidan ya zauna ba kowa, sannan ta fara fitowa tana shan rana. Wata huɗu ke nan. Sai ga ni.

Na ce ta kwantar da hankalinta, na hana ɗiyata saye.

Sai ta ce, "Ɗiyar taka tana da miji?" Na ce ya rasu, ita da yara mata biyu ne. Ta ce, "To wa za shi saye in ba ita ba?"

Ban ma taɓa tambayar kaina ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na kira Badaru na tambaye shi. Bai ɓoye ba, da alfahari ma ya faɗa. Akwai wani ɗan kasuwa da ke jiran Khaula ta janye. Ba zama zai yi ba. Zai zuba kujeru da talabijin ya riƙa ba baƙi haya kwana-kwana, masu zuwa taro da 'yan biki. Zai sa tebur a baranda a riƙa shan shayi ana ɗaukar hoto. "Baranda ita ce kuɗin, ranka shi daɗe." An ba Khaula zuwa ƙarshen wata.

Yau wani, gobe wani. Kowa da wayarsa mai ido.

Kakata tana ba mu tatsuniyar wani da ya ƙi taka tururuwa, ya kauce, ya rushe gidansu duka da ɗuwawu. Muna yara dariya muke yi.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Sadiyatu: "Ka wanke hannunka, ka bar tsohuwa da masu hoto, ka bar ɗiyarka a titi. Sannu da tsoron Allah, Malam." Ta ajiye min fura ta fita.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na je Unguwar Rogo da kaina. Khaula ta fara ɗaure kaya a kwali, ba ta san inda za ta kai su ba. Na ce ina da sharaɗi: in za ta saye, a rufe barandar har sama da kan dogon mutum. Ta zaro ido.

"Baba, ta nan kaɗai iska ka shigowa. In an toshe, tanda ce. Ka dai taɓa silin da sandarka."

Gaskiyarta. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa, da wace wutar? Solar da za ta iya saye fanka da fitila kawai za ta ja. Na ce to ba a sayen doki sai an hau, mu gwada. A ba mu makulli yini ɗaya, mu rufe barandar, mu zauna daga azahar zuwa la'asar. In mutum zai iya rayuwa a ciki, mu gani da jikinmu. In ba zai iya ba, mu gani.

Ta ce da me za a rufe? Na ce da zana.

Ta dube ni kamar yadda take duban majinyacin da ya ce ya daina shan magani.

Talata, 22 ga Afrilu

Yinin gwaji.

Yakubu ya samo zana huɗu, sababbi, masu kauri. Shi ya hau da su a kafaɗa, sawu biyu, bai yarda na biya shi ba. Da Badaru ya ga zana na hawa matattakala sai da ya dafe ƙirji. "Baba Alhaji, wanga gidan miliyan talatin da takwas ne, ba rumfar mai tsire ba!" Yakubu ya ce masa ya matsa, ƙaiƙayi gare ta.

Aka ɗaure su daga ƙarfen baranda har sama, aka bar kamar kamu biyu tsakaninsu da rufi. Muka zauna, ni da Khaula, a falo. Ƙarfe ɗaya da rabi.

Subhanallahi. Na yi azumi a watan Mayu a wanga gari, na yi tafiya ƙasa zuwa Wamakko da rana tsaka ina saurayi, ban taɓa jin irin wannan ba. Zafin daga sama yake saukowa kamar ana danna ka da tafin hannu. Tayil ɗin da ke ɗaukar ido ya yi ɗumi. Na buɗe famfo zan yi alwala, na janye hannu: ruwan tanki kamar na shayi. Khaula tana da wani ɗan ma'aunin zafi a jaka, ta duba ta mayar ba ta faɗa min ba. Na ce nawa? Ta ce arba'in da ɗaya. A cikin ɗaki. Riga ta manne min a baya. Ta ce, "Baba, mu sauka, kar ka faɗi a nan in shiga uku." Idonta ya cika. Na san ba don ni kaɗai ba.

Ina zaune ina kallon zanar, sai hancina ya tuna wani abu kafin kaina ya tuna. Rumfar babana a Hubbare, inda yake karantarwa. In bazara ta yi tsanani, ana yayyafa ma asabari ruwa, iska ta ratso ta fito da sanyi da ƙamshin ciyawa.

Na ce Yakubu, bokiti. Ya tara ruwan nan mai zafi, ya bar shi ya ɗan huce, ya watsa ma zana har tana ɗiga. Muka buɗe ƙofar baranda da tagar kicin ta arewa don iska ta samu mafita.

Ba zan ce aljanna ba ce. Amma iskar da ta shigo ta zama irin wadda mutum ke juya mata fuska. Bayan rabin awa Khaula ta sake dubawa: talatin da biyar. Bayan awa ɗaya zana ta bushe ƙayau, aka sake jiƙawa. Na yi sallar la'asar a falon ban ɗiga a kan dadduma ba.

Khaula ta ce wa zai riƙa watsa ruwa duk awa tana wurin aiki? Yakubu ya yi ta kallon saman baranda, can ya ce siririn bututu mai huji-huji, a ja shi daga tanki, a sa masa kan famfo, ya riƙa ɗiga da kansa. Ya ce kuma zana wata shida ce, zai yi mata firam na katako a riƙa sauyawa.

Kafin mu sauka na ce saura abu ɗaya. Na sa Yakubu, da ya fi mu tsawo, ya hau bokiti ya tsaya a baranda. Na ce me kake gani? Ya ce sama da kan itatuwa. Na ce ƙasa fa? Ya ce zana.

Laraba, 23 ga Afrilu

Gwiwoyina sun kai ƙarata. Ban fita ko masallaci ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Sabuwar fitina. Mai ginin ya ce ba a taɓa fuskar bene, zana za ta zubar masa da daraja, sauran masu gidaje za su yi ƙorafi. Badaru ya ja Khaula gefe ya ce mata duk ranar da ta tashi sayarwa, baranda a rufe, ta yi asarar miliyan biyar ko fi. Ba ƙarya yake ba. Na ce mata ta yi tunani da kyau, guminta ne ba nawa ba, kuma gumin marayu na bayansa. Na ce in ta ga ta fasa, ɗakunan bayan gidana na nan, matsatsi ne amma ba a titi ba.

Ta ce ta je ta gaida Inna Iyatu jiya, ta duba mata ɗaurin hannu. Ban san ta je ba.

"Baba, ni zama zan yi, ba sayarwa ba."

Na ɗauki biro. Hannun bai manta ba. Na rubuta sharaɗi: mai saye na da ikon sa sutura a barandar kudu, tsawon da ido ba zai kai tsakar gidajen maƙwabta ba, kuma suturar ta bi gidan ko an sayar ma wani. Lauyan mai ginin ya karanta sau biyu, ya tambayi Khaula wane lauya ya tsara mata. Ta nuna ni. Suka ce za su yi shawara. Na ce su yi. Na kuma ambata, a hankali, cewa har yanzu ina gaisawa da wasu a kotu, kuma akwai tsohuwa da ɗaurarren hannu da maƙwabta masu son a ji kukansu.

Allah ya yafe min wannan. Ban yi ƙarya ba dai.

Litinin, 28 ga Afrilu

Sun yarda, da sharaɗin a yi ma katakon fenti kalar bene. An sa hannu. Ɗiyata ta mallaki gidan da ba shi da ƙasa. Har yanzu in na faɗa a raina sai in ji kaina na juyawa.

Asabar, 17 ga Mayu

Sun tare shekaranjiya. Na ce ma kowa sau ɗaya zan hau in sa albarka, shi ke nan, mai son ganina ya san zaurena.

Yau na je da hantsi. Firij sai da mutum huɗu suka hau da shi, an fasa madubi ɗaya, injin ruwa ya riga ya yi gardama sau ɗaya. Da azahar ɗakin yara har yanzu ba ya shiguwa, a falo suke kwanciya. Duk na faɗa ma Khaula, kada ta ce ban faɗa ba.

Ta shimfiɗa min tabarma a baranda, jikin zana, ruwa na ɗiga a hankali. Ina zaune sai na ji shara daga ƙasa. Tsintsiya a kan ƙasa, a hankali, irin ta mai hannu ɗaya. Sannan muryar tsohuwa tana kiran Tabita ta katanga, wai ta zo ta ga kazarta ta ƙyanƙyashe. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Suka daɗe suna hira a fili. Ban motsa ba, ban yi ko tari ba.

Na ce zan tafi bayan azahar. Na tafi bayan la'asar.

Da na dawo Sadiyatu ta ce ina butarka da carbinka? Na ce na manto su can. Ta ce, "Bari in bugo ma Khaula ta aiko da su." Na ce a'a, kada a wahalar da ita, tana da aiki. Ni zan je in ɗauko gobe.